Yadda ake haɗa ƙwayoyin nano na kitosan don maganin ɗigawa a ido

Ɗigo ɗaya na maganin ido yakan kai maikurolita 30 zuwa 50 (maikurolita 1,000 ne mililita ɗaya). Hawayen da ke kwance a saman ido kuwa bai wuce maikurolita 7 ba, kuma ko an ja fatar ido ƙasa, wurin ba ya riƙe fiye da 30. Tun kafin a rufe kwalba wani kaso ya gangaro kumatu. Sauran kuma ƙiftawa ta tura shi cikin 'yar kafar da ke kusurwar ido ta wajen hanci, ya sauka maƙogwaro, shi ya sa mai ɗiga magani yakan ji ɗaci a baki. Abin da ke ratsa koniya, wato tantanin nan garai-garai da ya rufe baƙin ido, har ya isa ruwan cikin ido, ba ya kai kashi 5 cikin 100.

Aikin polima a nan shi ne ta riƙe magani a saman ido ya daɗe, ta riƙa sakinsa a hankali. Polima sinadari ce mai dogon zare, kuma wadda ta fi sauƙin farawa da ita a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a ita ce kitosan, da ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa. A cikin ruwa mai ɗan tsami zaren kitosan yana ɗauke da cajin fozitif. Saman ido kuwa lulluɓe yake da musin, wata majina mai cajin nagetif. Da sun haɗu sai su manne. Hanyar da za a bi a ƙasa, ta dunƙule zaren kitosan da gishirin tiraifolifosfet, wanda ake taƙaitawa TPP, ya zama ƙwayoyin nano, wato 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ido ba ya gani, ta fito ne daga ɗakin binciken María José Alonso a Jami'ar Santiago de Compostela da ke Sifen a 1997. A 2001 suka ɗora maganin saikulosforin a kan irin waɗannan ƙwayoyi, suka nuna cewa yana zama a koniyar zomo har awa 48.

Amma a san matsalar tun da wuri, domin ita ce za ta biyo ka a kowane mataki. Cajin kitosan yana nan ne muddin pH, wato ma'aunin tsamin ruwa da ke sauka idan tsami ya ƙaru, na ƙasa da 6.5. Hawaye kuwa pH ɗinsa wajen 7.4 ne, ga gishiri. Yanayin da ƙwayoyin ke so, ido ba ya so. Wanda ido ke so, yana sa ƙwayoyin su manne wa juna su yi gudaji. Rabin aikin mai haɗawa neman tsaka-tsaki ne.

Kayan aiki da ruwa biyun farko

A nemi kitosan mai gajeren zare, irin wanda aka rubuta wa kilodalton 50 zuwa 190 (nauyin zarensa ke nan), da aka cire wa asetil, wani reshe da ke jikin zaren, kashi 75 zuwa 85 cikin 100. Waɗannan lambobi biyu su ne asalin kayan. Kwalba biyu daga kamfani ɗaya suna iya ba da ƙwayoyi masu bambancin girma idan lambar rukuninsu ba ɗaya ba ce, don haka a rubuta lambar a littafi, kuma a sayi abin da zai isa aikin gaba ɗaya. Sai TPP, da asid ɗin asetik tsantsa, da sodiyom haidiroksaid, da manitol, da giliserin, da ruwa mai matuƙar tsafta da aka cire wa gishiri. Na'urori: mai motsawa ta maganaɗisu, ma'aunin pH da aka daidaita a ranar, matatan sirinji masu kafa maikuromita 0.45 da 0.22, da santirifuj mai sanyaya, wato na'urar da ke juya bututu da ƙarfi har ƙwayoyi su kwanta a gindi.

A auna kitosan miligram 200. A fara zuba shi a ruwa zalla mililita 90, a motsa har garin ya jiƙe ya watsu, sannan a sa asid. Idan aka jefa garin kai tsaye cikin ruwan asid, bayansa ya narke ya zama danƙo, cikinsa a bushe, sai a kwana ana fama da gudaji. Asid ɗin da ake buƙata wajen mililita 0.33 ne, wato nauyinsa ya ninka na kitosan sau 1.75. Da yawa sukan yi amfani da asid kashi 1 cikin 100 don ya fi saurin narkarwa. Yana narkarwa kam, amma daga baya sai an zuba sodiyom haidiroksaid mai yawa kafin pH ya hau, kuma duk abin da aka zuba gishiri yake zama a cikin ruwan, gishirin da zai rage wa ƙwayoyi caji. A bar shi yana motsi ya kwana a rufe. Da safe a ɗaga pH zuwa 4.8 ko 5.0, ɗigo-ɗigo, ana jira farin gajimaren da kowane ɗigo ke yi ya ɓace kafin a ƙara wani. A cike ruwa zuwa mililita 100, a tace da 0.45. An sami miligram 2 a kowace mililita.

TPP ba shi da wahala: miligram 125 a ruwa mililita 100, a tace da 0.22. A haɗa sabo a ranar aiki, domin yana tsinkewa a ruwa idan ya daɗe.

Haɗawar kanta

A zuba ruwan kitosan mililita 5 a ƙaramar kwalba ta gilashi, a sa motsi wajen juyi 700 a minti. A ɗebi TPP mililita 2 a sirinji, a riƙa ɗigawa kusa da tsakiyar juyin ruwan, ba a jikin gilashi ba, a gama cikin minti ɗaya zuwa biyu. A bar shi yana motsi minti 15 zuwa 30. Miligram 10 na kitosan ke nan a kan 2.5 na TPP, wato 4 a kan 1.

Ido ne ma'auni na farko. A ɗaga kwalbar a gaban baƙin kwali. Abu uku ne ake iya gani. Idan ruwan na nan garau kamar ba a taɓa shi ba, TPP bai isa ba, zaren bai dunƙule ba. Idan ya yi hazo-hazo mai ɗan shuɗi, kamar kofin ruwa da aka ɗiga wa madara ɗigo biyu, kuma hasken lesa na ratsa shi ya bar layi, to ƙwayoyin nano sun samu. Idan ya yi fari fat, ana ganin ɓarɓashi na yawo, bayan ɗan lokaci ya kwanta a ƙasa, TPP ya yi yawa: ya cinye cajin da ke hana ƙwayoyin manne wa juna, ya kuma zama gada a tsakaninsu. Wannan ba ya gyaruwa. Na'urar girgiza da sauti tana iya tarwatsa shi na ɗan lokaci, amma zai koma.

Saboda kowane rukunin kitosan da halinsa, kada a dogara da 4 a kan 1 don an gan shi a rubuce. A jera kwalba biyar, kowace da kitosan mililita 5, a sa musu TPP mililita 2 mai ƙarfin miligram 0.83, 1.0, 1.25, 1.67 da 2.5 a mililita. Wannan ya ba da 6, 5, 4, 3 da 2 a kan 1. Galibi wurin da ake nema yana tsakanin 3 da 5, na 2 a kan 1 kuma yakan kwanta. Aikin rabin yini ne, amma shi ke hana ɓarnar magani mai tsada a gaba.

Abin da ake yawan mantawa da rubutawa shi ne ƙananan abubuwa: girman kwalba, tsawon maganaɗisun motsi, kaurin allura, zafin ɗaki. Dukkansu suna sauya girman ƙwaya. Wanda ya haɗa da sanyin safiya a Janairu ya sake haɗawa da tsakar rana a Afrilu a ɗakin da ba na'urar sanyaya, bai maimaita gwaji ɗaya ba. Haka kuma mililita 7 da ta yi kyau ba ta nufin 70 za ta yi. A babban mazubi TPP yakan taru wuri ɗaya kafin ya gauraya. Gara a yi ƙananan haɗi da yawa a tara su.

Sa magani a ciki

Cajin magani ne ke faɗar inda za a sa shi. Mai cajin nagetif da ke narkewa a ruwa, irin su dekzametazon sodiyom fosfet, a narkar da shi cikin ruwan TPP, ya shiga tare da shi. A lura yana cin cajin kitosan shi ma, don haka haɗin da ya tsaya lafiya babu magani yana iya dunƙulewa da an sa magani. Sai a ɗan rage TPP. Mai cajin fozitif, kamar timolol na hawan jinin ido, kitosan tunkuɗe shi yake yi, abin da ke shiga kaɗan ne. Masu wannan aiki sukan ƙara wata polima mai cajin nagetif, kamar hayaluronik asid ko aljinet, ta riƙe shi. Wanda ba ya narkewa a ruwa, kamar saikulosforin, sai an fara narkar da shi a ɗan sinadarin narkarwa, kuma dole a tabbatar an kore sinadarin daga baya. Ga mai koyo, ya fara da fuloresin sodiyom, rinin nan da likitocin ido ke sa wa don ganin rauni a koniya. Da idonka za ka ga inda ya tafi, kuma ana auna shi cikin sauƙi da na'urar da ke karanta yawan hasken da ya sha, a tsawon zangon haske wajen nanomita 490.

Don raba ƙwayoyi da maganin da bai shiga ba, a sa giliserin maikurolita 10 a gindin bututun santirifuj, a zuba haɗin a hankali a kai, a juya a ƙarfin g (ninkin ƙarfin jan ƙasa) 10,000 zuwa 16,000 na minti 30 zuwa 40 a digiri 4. Giliserin ɗin nan ba ado ba ne. In babu shi, ƙwayoyin kitosan, da yake masu taushi ne, sukan matse su zama dunƙule ɗaya mai danƙo da ba ya sake watsuwa. A rubuta ƙarfin g, ba juyi a minti kaɗai ba, domin juyi 12,000 a wannan na'ura ba daidai yake da na waccan ba.

A auna maganin da ya rage a ruwan sama. Idan an sa miligram 1 aka tarar da 0.6 a sama, abin da ya shiga 0.4 ne, wato kashi 40 cikin 100. Ruwan da za a daidaita na'urar aunawa da shi ya zama ruwan saman ƙwayoyin da ba su da magani, ba ruwa zalla ba, domin ragowar kitosan da ƙananan ƙwayoyin da ba su kwanta ba suna watsa haske, musamman a wajen nanomita 242 inda ake karanta dekzametazon. Ƙididdiga da yawa masu kyan gani a nan suka lalace.

Akwai wani lissafi da ya kamata a yi tun yanzu, ko da bai yi daɗi ba. Dekzametazon na ɗigawa da ake sayarwa kashi 0.1 cikin 100 ne, miligram 1 a mililita. Miligram 0.4 da ya shiga ƙwayoyinmu, kafin ya kai wannan ƙarfi, sai an tattara haɗin mililita 7 gaba ɗaya cikin mililita 0.4. A wannan cunkoso ƙwayoyi suna saurin mannewa. Shi ya sa hanyar ta fi dacewa da magani mai ƙarfi da ake buƙatar kaɗan daga cikinsa. Kaso mai yawa na shiga ba ya nufin komai idan ɗigo ɗaya bai ɗauki abin da zai yi aiki ba.

Auna girma da caji

Na'urar DLS, mai auna ƙwaya ta hanyar hasken da take watsawa, ita ce ke ba da girma. Abin nema a wannan haɗi wajen nanomita 150 zuwa 350 ne, da ma'aunin bambancin girma, PDI, ƙasa da 0.3, da cajin zeta, wato cajin da ke saman ƙwaya, tsakanin +25 da +40 milibolt. A sirka samfurin da ruwan da aka tace, a auna sau uku. Na'urar tana ganin manyan abubuwa fiye da ƙanana nesa ba kusa ba, don hasken da ƙwaya ke watsawa yana hawa ne da girmanta ninki shida a kan kansa: girma ya ninka sau 2, haske ya ninka sau 64. Ƙura ƙwaya ɗaya ta isa ta ɓata karatu. A lokacin hunturu a wanke mazubin aunawa da tataccen ruwa, a rufe shi nan take. Idan aka ga tudu na biyu a zanen da na'urar ke fitarwa, a wajen nanomita 5,000, yana zuwa yana ɓacewa tsakanin karatu, ƙura ce. Idan yana nan daram yana ƙaruwa, ƙwayoyin ne ke dunƙulewa.

Mayar da shi abin da ido zai karɓa

Nan ne yawancin haɗi ke faɗuwa. Hawaye na da ƙarfin gishiri wajen miliozmol 300 a lita, kuma abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne ruwan gishiri kashi 0.9 cikin 100 ko ruwan fosfet mai pH 7.4. Duka biyun suna ɓata aikin. Gishiri yana lulluɓe cajin, fosfet yana gasa da TPP, pH 7.4 kuma yana kashe cajin kitosan gaba ɗaya. A yi amfani da abin da ba shi da caji: manitol kashi 5 cikin 100 ko giliserin kashi 2.5, kowannensu yana ba da wajen miliozmol 270 zuwa 280. A watsa ƙwayoyin a cikinsa, a auna da na'ura, kada a tsaya ga lissafi.

Game da pH, a ɗaga shi a hankali zuwa 5.5 ko 6.0 ana duba girma a kowane mataki, a tsaya kafin girman ya fara hawa. Ido yana jure wannan idan ruwan ba shi da ƙarfin riƙe pH ɗinsa, domin hawaye zai gyara shi cikin ɗan lokaci. Idan ya yi tsami da yawa ido ya yi zafi, hawaye ya zubo, ya wanke maganin da aka sha wahalar mannawa. Wanda aikinsa ke buƙatar pH 7 dole, ya koma ga tiraimetil kitosan, wanda cajinsa ba ya dogara da tsami.

Idan ana son ƙara kauri, HPMC, wata polima mai kauraranta ruwa, kashi 0.3 zuwa 0.5 cikin 100 ya wadatar, kuma ba shi da caji. A guji jelan gam da kabofol, wasu polima masu ƙara kauri: suna aiki sosai su kaɗai, jelan gam ma shi ne ke cikin maganin ɗigawa na timolol mai suna Timoptic-XE, amma cajinsu nagetif ne, da sun haɗu da kitosan sai curi. Foloksama 407 kuwa, mai zama ruwa a sanyi ya daskare a ɗumin ido, yana da tarko a ƙasa mai zafi: haɗin da aka tsara ya daskare a digiri 32 zai daskare tun yana cikin kwalba a ɗakin da ya kai 38, ya ƙi ɗiga.

Tsafta daga ƙwayoyin cuta ba a barinta sai ƙarshe. Tukunyar tururi a digiri 121 tana tsinka zaren kitosan ta dunƙule ƙwayoyin. Matacin 0.22 kuma zai tare ƙwayoyin da suka kai nanomita 250, a ƙare da tataccen ruwa babu magani. Hanyar da ta rage ita ce a tace kowane ruwa da 0.22 kafin haɗawa, a dafa kwalabe da maganaɗisu, a yi komai a cikin akwatin iska mai tsafta. Ruwan kitosan yana toshe matacin 0.22 da sauri, don haka a fara da 0.45. Benzalkoniyom kuloraid, da aka saba sa wa don hana ruɓewa, yana cutar da saman koniya idan ya daɗe a kai, kuma daɗewa ce muke nema. Ƙananan mazubai na amfani sau ɗaya sun fi.

Gwaje-gwaje kafin a yi zancen dabba

Hawayen roba ana haɗa shi da sodiyom kuloraid giram 0.67, sodiyom baikabonet giram 0.20 da kalsiyom kuloraid giram 0.008 a ruwa mililita 100. Gwaji na farko mai arha: a gauraya haɗin da wannan ruwa a digiri 34, zafin saman ido, a auna girma bayan minti 5, 15 da 30. Ɗan kumbura ba laifi. Ɓarɓashin da ido ke gani laifi ne, domin abin da ya wuce maikuromita 10 mutum yana jin sa kamar yashi.

Don ganin saurin sakin magani, a sa haɗin a jakar dayalisis mai kilodalton 12 zuwa 14, wato jakar da kafofinta ke barin magani ya fita su tare ƙwayoyi, a nutsa ta cikin hawayen roba, a riƙa ɗiba ana mayar da sabo. Dole a yi wata jaka a gefe mai ɗauke da maganin zalla. Jakar kanta tana jinkirta magani, kuma in ba a kwatanta ba, sai a yaba wa kitosan aikin da jaka ta yi. A sa ran kaso mai yawa zai fita a awar farko. Maganin da ke manne a bayan ƙwayoyi ne. Mannewa ga musin kuwa ana ganinta idan aka gauraya haɗin da ruwan musin kashi 0.1 cikin 100 cajin zeta ya faɗo.

Idon akuya ko tunkiya daga mayanka ya isa gwajin ratsa koniya. A ɗauko shi cikin ruwan gishiri mai sanyi, a yi aiki cikin awa ɗaya da yanka, a jefar da duk wanda ya yi hazo ko wuƙa ta taɓa. A yanko koniyar tare da zoben farin ido milimita 2 zuwa 4, a ɗaura ta a kwalbar Franz, kwalba mai ɗaki biyu da ake sa tantani a tsakaninsu don auna abin da ya ratsa, fuskar waje na kallon sama, a tabbatar babu kumfar iska a ƙarƙashinta. Bayan gwaji a auna nauyinta, a busar, a sake aunawa. Lafiyayyar koniya ruwa ne kashi 75 zuwa 80 cikin 100. Idan ya haura 83, ta lalace, kuma yawan maganin da ya ratsa shaidar rauni ce, ba ta nasara ba.

Gwajin zafi ana yin sa da ƙwan kaza mai zakara da ya kwana 9 a injin ƙyanƙyasa. A buɗe ta wajen jakar iska, a ɗaga farin tantanin ciki a hankali, jijiyoyin jini su bayyana. A zuba mililita 0.3, a kalla minti 5: zubar jini, ɓacewar jijiyoyi, ko daskarewa. A gwada ruwan gishiri a wani ƙwai, sodiyom haidiroksaid mai ƙarfin mola 0.1 a wani, don a san iyaka biyun. Zomo sai da izinin kwamitin ɗa'a. Idon mutum kuwa ba ya cikin wannan zance ko kaɗan: kitosan ɗin bincike ba a tace shi daga gubar bakteriya da ragowar furotin ba, kuma dekzametazon da ke daɗewa a ido yana iya ɗaga matsin ido ko ya rura gyambon koniya.

Ajiya da iyakar hanyar

A ruwa, ko a firij mai digiri 2 zuwa 8, ƙwayoyin suna ƙara girma a hankali, magani na zurarewa. A riƙa auna girma da pH duk mako. Inda wuta ke ɗaukewa, a ajiye ma'aunin zafi mai tuna mafi girma da mafi ƙanƙanta a cikin firij ɗin, in ba haka ba ba za a san ko haɗin ne ya gaza ko firij ba. Kada a daskarar da shi haka kawai. Ƙanƙara tana matse ƙwayoyin su manne. Don doguwar ajiya sai busarwa ta daskarewa tare da sukarin tirehalos kashi 5 cikin 100, sannan a gwada ko garin yana watsuwa ya koma girmansa na farko.

Duk wannan na gaban ido ne: koniya, tantanin farin ido, da ruwan da ke bayan koniya. Ciwon da ke can baya a ratina, tantanin gani da ke ƙuryar ido, kamar kumburin da ciwon suga ke jawowa, ɗigo ba ya kai masa abin kirki, da nano ko babu. Can wata polima ce ke aiki, PLGA, mai narkewa a hankali ta zama asid ɗin laktik da gilaikolik. Ozurdex, da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2009, ɗan sanda ne na PLGA mai dekzametazon miligram 0.7 da likita ke sa wa cikin ido da allura, ya yi watanni yana saki. A gaban ido ma, abin da ya kai kasuwa ya fi karkata ga wasu tsare-tsare: Ikervis, ɗigon mai a ruwa mai cajin fozitif da Turai ta amince da shi a 2015, da Cequa, mai ƙananan dunƙulen sabulu na nano, da Amurka ta amince da shi a 2018, dukansu na saikulosforin. Idan maganinka ba ya narkewa a ruwa, a gwada irin waɗannan tsare-tsare kafada da kafada da kitosan tun a watan farko, kafin a kashe kuɗin DLS a kan hanya ɗaya.